Dami Bakwai

A Gadarif, idan riɗi ya nuna,
ni ke riƙe littafin gona.
Mai lauje ya yanka, ya ɗaure,
ni in ƙirga, in rubuta, a biya.
Tiya ya kawo arba'in da bakwai.
Na rubuta arba'in.
Bai san baƙi ba. Ya yi mini godiya,
ya share gumi da bakin riga, ya wuce.

Dami bakwai, nawa ne ma?
Gawayin kwana uku, ganyen shayi,
da takalmin roba na autata Rifkatu.
Ba wanda ya gani.
Ƙasar nan baƙa ce, mai tsagewa,
tana haɗiye sawu yadda take haɗiye ruwa.

Da dare na durƙusa inda na saba.
Na buɗe baki in ce Uba,
kalmar ta maƙale kamar ƙayar kifi.
Abin da ya fita ya bugi jinka,
ya zubo mini a ka da ƙaiƙayi.

Ban ce ka tafi ba, ya Ubangiji.
Rijiyar tana nan, ruwan bai ja baya ba,
ni na jefa mushe ciki
na dawo ina kukan ƙishi.
Dā nakan faɗa maka har ciwon haƙori,
har tsadar albasa a kasuwa.
Yanzu gaisuwa nake maka daga nesa,
irin ta wanda ake bi bashi
ya hango mai kuɗin a bakin masallaci ko coci,
ya ɗaga hannu, ya sake hanya.

Tabita ce ta fara lura.
Ta ce, maigida, ka daina waƙa a wurin wanka.
Na ce mura ce.
Ƙarya ta haifi ƙanwarta ke nan,
tun ba a yaye ta fari ba.

Ran Lahadi, benci ɗaya da Tiya.
Yana rera yabo da Larabcinsa na duwatsu,
muryarsa a buɗe kamar ƙofar rumbu.
Da gurasa ta zago, da ƙoƙo ya biyo,
daga hannunsa ya iso gare ni,
hannun nan da lauje ya yi wa kanta.
Na dubi abin da ke ciki.
Jinin da aka zubar saboda ni,
ni kuwa na sayar da kunyarsa a kan dami bakwai.
Na miƙa gaba ban kurɓa ba.

Sati uku ina ɗauke da su.
Riɗi ba shi da nauyi, kowa ya sani,
amma je ka tambayi wuyana.

Ranar da motocin leburori za su tashi
na same shi yana ɗaure tabarma.
Na ƙirga kuɗin a tafinsa, na faɗi abin da na yi,
idona a kan yatsun ƙafata.
Ya sa hannu a aljihu
ya fito da tsakuwa, ƙanana, masu santsi.
Ya ce, kowane dami da tasa.
Arba'in da bakwai ne, tun ran nan na sani.

To, da ka sani, ka miƙo mini ƙoƙon?
Ya ce, ai ba nawa ba ne da zan hana.

Mota ta yi ƙaho. Ya haye kan buhuna.
Ya bar mini tsakuwa bakwai a hannu.

Daren nan ban iya doguwar addu'a ba.
Na jera su a gaban fitila,
na ce, Uba.
Na yi shiru, ina jin gyare a waje,
da Tabita tana kife kwanuka.
Kalmar ba ta faɗo ba.
Na sake faɗa.